Sabuwar Kwamfuta, Tsohon Filash: A Yi Tambaya Kafin a Biya Kuɗi

Yau maganarmu a kan kwamfuta ce, sabuwa dal da aka ɓare daga kwali, da kuma tambayar da mai saye kan manta da ita sai bayan kuɗi sun bar aljihunsa: wace babbar manhaja ce za ta zauna lafiya a cikin wannan na'ura?

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da zarar ka kunna kwamfuta, ta riƙe ragamar komai: allon rubutu, fuska, sauti, ma'adana, batir da hanyar shiga intanet. A kanta duk sauran manhajoji ke zama. Waɗanda suka fi shahara su ne Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da ChromeOS ta Google, sai kuma dangin Linux masu yawan gaske.

Saƙona na yau guda ɗaya ne. Zaɓen babbar manhaja aiki ne na kafin ciniki. A manyan kasuwanninmu na kayan lantarki, daga Farm Centre a Kano zuwa Banex a Abuja har Computer Village a Ikeja, abin da aka saba shi ne mutum ya duba kyan jikin na'ura, ya tambayi girman ram, a yi ciniki, a sallama. Daga nan sai ya juya ga mai gyara ya ce, "Maigida, a saka mini Windows." Shi kuma ya zaro filash ɗin da ya daɗe yana aiki da shi, ya ɗora abin da ke ciki. Shekaru goma sha biyar da suka wuce wannan bai cika jawo matsala ba. Yau kuwa lamarin ya sauya, kuma ya kamata mu san dalili.

Kowane sashe na gangar jikin kwamfuta yana buƙatar wata ƙaramar manhaja da za ta haɗa shi da babbar manhaja. Masu gyara suna kiranta direba. Katin wayalas yana da nasa, kyamara tana da nata, haka sauti, haka wurin shafa yatsa da ke madadin linzami. A duniyar Windows, kamfanin da ya ƙera sashen shi ne kan rubuta direbansa, kuma yana rubutawa ne domin Windows ɗin da ake yayi a lokacin. Babu kamfanin da zai ƙera katin wayalas a bana ya ɓata kuɗinsa yana rubuta masa direban Windows ta shekarar 2009. Idan aka tilasta wa sabuwar na'ura tsohuwar Windows, za ta iya tashi, amma sai a nemi wayalas a rasa, ko sauti ya ƙi fita, ko batir ya riƙa zubewa cikin awa guda. Mai ita ya koma gida yana cewa an sayar masa da jabu, alhali na'urar lafiyarta ƙalau.

Tarihin Windows 7 ya ishe mu darasi. Ta fito a watan Oktoban 2009, jama'a suka ƙaunace ta, har yau akwai masu rantsuwa da ita. A watan Janairun 2016 kamfanin Microsoft ya sanar cewa sababbin masarrafai, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da za su biyo baya, Windows 10 kaɗai za a tallafa musu a kai. Da zubi na bakwai na masarrafar Intel da kuma Ryzen na kamfanin AMD suka cika kasuwa a 2017, wanda ya ɗora musu Windows 7 sai ya tarar an rufe masa ƙofar sabuntawa. Tun kafin nan ma an fara shan wahala, domin faifan shigar da Windows 7 bai san tashar USB 3 ba, bai kuma san sabuwar ma'adana mai sauri da ake kira NVMe ba. Ana tsakiyar aikin sai linzami da allon rubutu su sandare, ko a nemi ma'adana sama ko ƙasa a rasa. A ranar 14 ga Janairun 2020 aka yanke wa Windows 7 tallafi baki ɗaya.

Abin da ya sami Windows 7 shi ne yanzu ke samun Windows 10. Na san da yawa daga cikinku sun fi sakewa da ita, kuma ba laifi ba ne mutum ya so abin da ya saba da shi. Amma Windows 10 ta fito ne a watan Yulin 2015, kuma ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba ta facin tsaro na yau da kullum. An buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙarin wa'adin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30 ko kyauta bisa wasu sharuɗɗa. Wannan jinkiri ne domin a yi shirin ƙaura. Wanda ya sayi sabuwar na'ura da yake fatan mora shekara biyar ko shida, ya ɗora mata manhajar da wa'adinta ya cika, ya zalunci kuɗinsa.

Akwai kuma dalili na fasaha. Daga ƙarshen 2021, da zubi na goma sha biyu, kamfanin Intel ya riƙa haɗa ƙwayoyin aiki iri biyu a cikin masarrafa guda: manya masu ƙarfi domin aiki mai nauyi, da ƙanana masu tattalin wuta domin ayyukan bayan fage. Dole babbar manhaja ta san wane aiki za ta tura wa wace ƙwaya, kuma Windows 11 ce aka tsara ta yi wannan rabo tare da wata dabara ta Intel mai suna Thread Director. A kan Windows 10 na'urar za ta yi aiki, amma wani lokaci aiki mai nauyi kan faɗa hannun ƙaramar ƙwaya, ka biya kuɗin ƙarfi ka samu rabinsa. Haka sabon tsarin wayalas na Wi-Fi 7, sai a Windows 11 zubin 24H2 da ya fito a watan Oktoban 2024 aka ba shi cikakken gurbi.

Ga 'yan uwana masu gyara, ga wata matsala da ta wahalar da mutane da dama. A kwamfutocin tafi-da-gidanka masu masarrafar Intel daga zubi na goma sha ɗaya zuwa sama, sau da yawa za ka fara shigar da Windows sai ta nuna maka babu ma'adana ko ɗaya. Kada ka yi saurin ce wa mai kaya ma'adanarsa ta mutu. Direban ma'adana na Intel ne babu a filash ɗinka. Ka sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ka nuna wa Windows inda yake, ma'adanar za ta bayyana. Filash kayan aiki ne, yana buƙatar sabuntawa duk lokacin da sabon zubi ya fito.

Yanzu kuma mun zo inda lamarin ya fi zurfi.

Shekara da shekaru kusan duk kwamfutocin Windows harshe ɗaya masarrafansu ke ji, wanda ake kira x86, na Intel da AMD. A watan Yunin 2024 sai ga sababbin na'urori daga Microsoft da Dell da HP da Lenovo da Asus da Acer da Samsung, ɗauke da masarrafar Snapdragon X ta kamfanin Qualcomm. Wannan masarrafa daga dangin ARM take, dangin da ke cikin wayoyin hannunmu. Babban abin da ke jan hankali gare ta shi ne riƙe caji, kuma duk wanda ke zaune inda wutar lantarki ke zuwa sa'ad da ta ga dama ya san darajar batir mai kai mutum dare. Sai dai harshenta daban ne. Windows ɗin da ke kanta ta musamman ce, filash ɗin Windows da aka saba da shi ba zai ma tashi a kanta ba.

To yaya tsofaffin manhajoji ke aiki a wurin? Microsoft ya saka wani tafinta a tsakani mai suna Prism, yana karɓar zancen tsohuwar manhaja yana mayar wa masarrafa da harshen da take ji. Kamar tafintan kotu ne: yana iya isar da maganar mai ƙara da ta shaida, amma ba ya hawa kujerar alƙali. Direba kuwa a can ƙuryar ciki yake aiki, inda tafinta ba ya shiga. Saboda haka duk na'urar da ke buƙatar direba na musamman, sai in kamfaninta ya rubuta mata na ARM. Ku yi tunanin mai shagon buga takardu da tsohuwar firinta da sikana, ko wakilin da ke yi wa jama'a rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, ko mai aikin awo da ke haɗa kayan aikinsa da kwamfuta. Irin waɗannan bayin Allah, tun kafin su taɓa kuɗinsu, su tabbatar kayan sana'arsu suna da direban ARM. Ɗalibar da aikinta rubutu ne da bincike a intanet da kallon darussa, ita kam wannan na'ura za ta yi mata daɗi ƙwarai. Alamar da za ka duba ita ce sunan Snapdragon a jikin kwali ko a gefen allon rubutu.

Kamfanin Apple ma ya riga ya bi wannan hanya. A watan Nuwamban 2020 ya fito da masarrafarsa ta M1, ita ma daga dangin ARM. A da, mai MacBook ta Intel yana iya raba ma'adana biyu da manhajar Boot Camp, ya ɗora Windows a gefe guda. Da zuwan M1 wannan ƙofa ta rufe. Abin da ya rage shi ne gudanar da Windows ta ARM a cikin macOS ta hanyar wata manhaja irin su Parallels, wadda ita ma sayenta ake yi. Iyaye masu saya wa 'ya'yansu kwamfuta domin jami'a, ina roƙonku ku kula da wannan. Ɗalibin zanen gine-gine da za a ce ya yi aiki da Revit, ko ɗalibin taswira da za a ce ya yi da ArcGIS Pro, waɗannan manhajoji na Windows ne. Na'ura mai tsada da ba ta ɗaukar manhajar darasi ba ta taimaki yaro da komai ba. A tambayi sashen da yake karatu kafin a je kasuwa. Haka zancen yake ga Chromebook, wadda arahar kuɗinta ke ruɗar mutane: an gina ta ne domin ChromeOS, kuma wanda ya saye ta da niyyar mayar da ita ta Windows ya sayi wahala.

Bari mu juya ga Linux, wadda wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, halal ne ka sauko da ita, ka kwafa, ka raba wa duk wanda ka so. A nan tsarin direbobi daban yake. Mafi yawansu suna cikin zuciyar manhajar ne, wadda ake kira kanel, kuma kusan kowane mako tara ko goma ake fitar da sabon zubinta. Ma'ana, sabuwar na'ura tana buƙatar sabon kanel. Ga misali: Debian 12, wadda aka san ta da natsuwa da rashin tangarɗa, ta fito a watan Yunin 2023 da kanel 6.1, alhali katin hoto na Intel Arc sai a kanel 6.2 ya samu cikakken tallafi. Wanda ya haɗa su biyun kai tsaye zai sha fama, kuma babu mai laifi a cikinsu. Zamaninsu ne bai zo ɗaya ba.

Saboda haka mai na'urar da ta fito a 'yan watannin nan ya nemi Linux mai saurin sabuntawa, irin Fedora da ke fitowa sau biyu a shekara, ko Ubuntu mafi sabunta. Ubuntu tana fitar da zubi mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, kowanne da tallafin shekara biyar, kuma a tsakani ana ƙara masa sabon kanel domin sababbin na'urori. Kamfanonin Dell da Lenovo suna da samfuran da aka gwada aka tabbatar suna tafiya da Ubuntu, kuma jerinsu yana nan a shafin kamfanin Canonical mai kula da Ubuntu. Wata falala ta Linux ita ce kana iya tayar da ita daga filash ba tare da ka taɓa abin da ke cikin na'ura ba. Tun kana shago, da izinin mai kaya, ka gwada wayalas, ka gwada sauti da kyamara, ka rage hasken fuska ka ƙara, ka rufe murfi ka buɗe ka ga ko za ta farka. Abin da ya yi aiki a nan zai yi a gida.

Amma gaskiya ɗaya ce, Linux ba ta kowa ba ce. Babu CorelDRAW a kanta, babu Adobe Premiere da masu tace finafinai suka saba da ita, babu Microsoft Office irin ta kan tebur, sai dai LibreOffice a madadinta. Ga mai koyon rubuta manhaja, da makarantar da ke son ɗakin kwamfuta ba tare da nauyin lasisi ba, da mai aikin rubutu da intanet, ta wadatar har da ƙari.

Ba zan wuce ba sai na taɓa maganar kwamfuta ta hannu, domin mafi yawanmu ita muke saya, kuma a wurin mai saye ita ma sabuwa ce. Windows 11, da ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗa: ram aƙalla gigabait 4, ma'adana gigabait 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da masarrafar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Masarrafan AMD ma suna da nasu jerin a shafin Microsoft. Don haka in mai kaya ya ce maka "Core i7 ce," maganar ba ta ƙare ba. Ka duba lambar da ke biye. Idan ka ga i7-6600U, zubi na shida ce, Windows 11 ba ta amince da ita ba. Idan ka ga i5-8250U, zubi na takwas ce, ta shiga. Akwai dabarun tsallake waɗannan sharuɗɗa, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan na'ura ba. Mai zubi na shida ko na bakwai da har yanzu ke da ƙarfinta, Linux Mint ko Ubuntu za su ƙara mata shekaru cikin aminci.

Sai batun da ya fi damuna. Wasu sababbin kwamfutoci suna zuwa babu Windows, sai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna FreeDOS, shi ya sa kuɗinsu ke da sauƙi. Mai saye bai sani ba, a ɗora masa Windows ta sata, wadda ake kira kirak, a kashe mata sabuntawa da mai gadin ƙwayoyin cuta domin kada asiri ya tonu. Wani abin takaicin ma, na'ura kan zo da Windows ta asali, lasisinta binne a cikin babban allonta kamar yadda ake yi tun zamanin Windows 8, sai a goge ta a ɗora ta sata da sunan wai wannan ta fi girma. An karɓe maka halal ɗinka da ka riga ka biya, an ba ka abin da ba shi da tsaro. Mu tuna abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati na Birtaniya har aka soke ganin likita ga dubban marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Kwamfutar da kake shiga asusun bankinka da ita, kake ajiye takardun makaranta da hotunan iyalinka, ba wurin wasa ba ce.

Ƙananan abubuwa biyu kafin mu rufe. Na farko, wasu na'urori da ake shigowa da su suna ɗauke da Windows mai harshe ɗaya tak, wadda ba a sauya mata harshen fuska. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya saba da Faransanci, da ɗan Zariya da ya saba da Ingilishi, kowa ya duba wannan tun a shago. Na biyu, Windows 11 tana neman intanet da asusun Microsoft yayin saita ta a karon farko. Ka tabbatar asusunka ne aka saka, da adireshinka da kalmar sirrinka, domin sababbin na'urori da yawa suna kulle ma'adana da kansu, mabuɗin kuma a cikin wannan asusu ake ajiye shi. Ranar da na'ura ta nemi mabuɗin, in asusun na wani ne da ba ka san inda yake ba, bayananka sun tafi.

To, jama'a, ga tsarin da nake ba da shawara a bi. Ka fara da aikinka: me za ka yi da kwamfutar? Daga nan ka rubuta manhajoji da kayan da aikin ba ya yiwuwa sai da su, har da firinta da sikana. Sannan ka duba wace babbar manhaja ce ke ɗaukarsu. Sai a ƙarshe ka nemi na'urar da kamfaninta ya rubuta a shafinsa cewa yana tallafa wa wannan babbar manhaja, ya kuma ajiye direbobinta. Ka rubuta cikakkiyar lambar samfurin, ka bincika da wayarka kana tsaye a gaban kanta. Tambaya ba ta rage mutunci, kuma ɗan kasuwa na gari ba ya jin haushin mai tambaya.

Ina kira ga 'yan kasuwa da ƙungiyoyinsu su riƙa rubuta wa mai saye a rasit zubin masarrafa da irin Windows ɗin da ke ciki, ta asali ce ko babu. Ina kira ga masu gyara su riƙa tambayar mai kaya aikin da zai yi kafin su ɗora masa komai, domin amana ce ya miƙa musu. Hukumomi da makarantu masu sayen kwamfutoci ɗari-ɗari da dukiyar jama'a kuwa, nauyinsu ya fi na kowa: a rubuta sunan babbar manhaja, da lasisinta, da shekarun tallafin da suka rage mata a cikin takardar kwangila, a kuma gwada na'ura guda da ainihin manhajojin aiki kafin a karɓi sauran.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa mu amfana da abin da muka ji, Ya albarkaci sana'o'inmu da karatun 'ya'yanmu.